Ita ma addu'ar sai mai kati?

Ranar Talata ce, ranar da zumuntar mata ke haɗuwa a cocinmu dake Sabon Gari, wajen ƙarfe huɗu na yamma a tsakiyar zafin nan na Afrilu da ko fanka ta juya iskar wuta take hurowa. Ina zaune bakin ƙofa da littafin rajista da katunan mata, sabida nice ma'aji shekara ta uku kenan, kowa ta shigo ta miƙo kuɗin wata in sa mata hannu a kati. Sai ga wata mata ta tsaya daga waje, bata shigo ba kuma bata wuce ba, riƙe da hannun yarinya da bata fi shekara tara ba. Abun da na fara gani a jikin yarinyar tabon ƙuna ne tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, fatar ta tattare tayi fari-fari.

Nace sannu baiwar Allah, wa kike nema? Tace Mama nan ne ake taimakon marasa lafiya? Daga jin Hausarta nasan ba 'yar gari bace, harshenta na mutanen Nijar ne, daga baya na gane mijinta ɗan garuwa ne yana tura kura, ita kuma tana wanke-wanke gun wata mai abinci wajen Yankura. Tace yarinyar farfaɗiya take yi, cikin murhu ta faɗa shine wannan tabon, sun sha jiƙo sun yi hayaƙi sun kai ta wajen masu magani har kuɗin da suka zo dashi ya ƙare, wata ce a wajen aiki tace mata taje wajen matan coci suna da tausayi.

Ni kuma na bata amsar da na saba bayarwa. Nace asusun nan na 'yan zumunta ne masu kati, da shi muke kai gudummawa in wata ta haihu ko anyi mata rasuwa ko an kwantar da ita a asibiti, bani da ikon taɓa ko sisi sai da yardar kwamiti. Kuma ba ƙarya nayi ba. Dokar ma ba haka kawai aka kafa ta ba, an sha zuwa mana da takardun asibiti na bogi da kuka da majina a karɓe kuɗin zawarawa da masu saida ƙosai a tafi. Tace to Allah ya saka, ta ja yarinyar suka tafi, na cigaba da rubutuna ko a jikina.

Talata ta zagayo sai gata. Wannan karon bata ma yi min magana ba, waje ta samu jikin katanga ta shimfiɗa gefen zaninta suka zauna har muka gama waƙoƙi muka gama karatu muka tashi. Talata ta uku ma haka. Nan fa mata suka fara magana ƙasa-ƙasa, wai waye ya san me ya kawo ta, wai a garin nan ba'a sakin jiki da baƙuwar fuska a bakin coci, kuma duk wanda yake Kano a 2012 lokacin hare-haren bama-bamai yasan ba daga sama wannan tsoron ya faɗo ba. Wata tace ma'aji dan Allah ki sallami matar nan mana, nacinta yayi yawa. Na tashi na fita na same ta nace baiwar Allah ai na gaya miki tun ranar farko, kiyi haƙuri kada ki ringa wahalar da yarinyar nan cikin rana. Ta ɗago ta kalle ni, ba fushi ba gatse, tambaya ce tsakaninta da Allah, tace to Mama naji, kuɗi na masu kati ne Allah ya ƙara musu, ita ma addu'ar sai mai kati?

Na tsaya kamar an dasa ni. Sati uku tana zuwa ƙofar gidan addu'a, ko sau ɗaya bai zo min a rai in ce kawo yarinyar mu ɗora mata hannu ba.

A daren na buɗe Matiyu 15 daga aya 21 zuwa 28, labarin da na sani tun ina makarantar Lahadi, na koyar dashi ma ba sau ɗaya ba. Yesu ya bar Galili ya tafi wajen ƙasar Taya da Sidon, garuruwan bakin teku da suke cikin Labanan ta yau, sai wata mata 'yar ƙasar ta biyo shi tana ɗaga murya, ya Ubangiji Ɗan Dawuda kaji tausayina, aljani yana wahalar da 'yata. Markus a sura 7 ya ce mata Bahelena 'yar asalin Finikiya ta Suriya, amma Matiyu da gangan ya kira ta Bakan'aniya, tsohon suna, sunan mutanen da Isra'ila suka yi ta yaƙi dasu tun zamanin Joshuwa. Duk Bayahuden da yaji sunan Sidon kuma zai tuna Yezebel matar Ahab, dan 'yar sarkin Sidoniyawa ce, ita ta cika Isra'ila da bautar Ba'al. Wato matar nan ta zo ne ɗauke da duk wani abu da zai sa a rufe mata ƙofa, ga ta mace ita kaɗai ba miji ba wa a gefenta, ga ƙabila, ga addini, ga tsohuwar gaba.

Abun da ya fi tsaya min a rai aya ta 23 ce, bai amsa mata ko kalma ɗaya ba. Duk wadda ta taɓa kwana a barandar asibiti tana roƙon Allah akan ɗanta tasan wannan shirun. Ka yi azumi ka yi kuka ka kira fasto a waya tsakar dare, gari ya waye ba abun da ya canza. Zagi ma wani lokacin ya fi shiru sauƙi, dan wanda ya zage ka aƙalla ya nuna ya ganka. Ita kuma bata karanta shirun a matsayin a'a ba, ta cigaba da binsu tana kira har abun ya ishi almajirai suka ce ka sallame ta, ta dame mu da ihu.

Nan ne na ajiye littafin na kasa cigaba. Shekara da shekaru in na karanta wajen nan kaina nake sawa a matsayin matar, nice mai roƙo nice mai naci nice wadda ake wa shiru. Ranar ce ta farko da na ga inda nake tsaye da gaske, cikin masu cewa a sallame ta, da littafin rajista a hannuna. Kuma ku duba wani abu da sai mai karatu da Hausa zai gani, su Bitrus da Yahaya a Littafi Mai Tsarki namu almajirai ake kiransu. Almajiri asalinsa wanda ya bar gida dan neman ilimi ne, amma a Kano in kace almajiri abun da ke zuwa ido yaro ne a bakin ƙofa da roba a hannu yana cewa iya ko ɗan ƙanzo. Masu wannan sunan, waɗanda su kansu daga bakin teku da teburin haraji aka tsinto su ba dan sun cancanta ba, sune suka gaji da muryar mai roƙo.

Da Yesu ya buɗe baki kuma maganar bata zo da sauƙi ba. Yace ba'a aiko shi ba sai ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila. Ta matso ta durƙusa gabansa, addu'arta ta koma gajeriya, ya Ubangiji ka taimake ni, shikenan, duk kirarin ya zube. Sai yace bai kyautu a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba.

Na sha jin masu wa'azi suna saurin shafa wa ayar nan mai, suce ai kalmar da aka rubuta da Helenanci 'yan kwikwiyo take nufi, ƙananan karnukan gida da ke yawo ƙarƙashin tebur. Gaskiya ne haka kalmar take, amma ni dai ban ga ta cire ƙaiƙayin ba. Je ka Kantin Kwari ka kira wani ɗan kwikwiyo ka gani ko zai ce ai ƙarami ka faɗa. Maganar tana da zafi, kuma gara mu barta da zafinta. Yadda na fahimta, kuma fahimtata ce ba doka ba, Yesu ya fito da abun da ke cikin zuciyar almajiransa ne ya faɗe shi a fili a gaban matar dan suji yadda yake a kunne, sabida haka Yahudawan lokacin da yawa suke kallon al'ummai. Ka tuna a farkon wannan surar ne ya gama gaya musu ba abun da ke shiga baki ke ƙazantar da mutum ba, abun da ke fitowa daga zuciya ne, sai gashi ya kai su ƙasar waɗanda ake ce wa marasa tsarki. Kuma Markus ya riƙe mana wata kalma da Matiyu bai rubuta ba, a bari 'ya'ya su ƙoshi tukuna. Tukuna ba har abada bane. Ƙofa ce da aka saya ba'a sa sakata ba, matar kuma ta ga ɗan hasken.

Amsarta kuwa, kai. Tace haka ne ya Ubangiji, amma ai karnuka ma suna cin suɗin da ke faɗowa daga teburin iyayengijinsu. Bata yi musu ba, bata ce kasan ko ni wacece ba, bata yi zuciya ta tattara zaninta ba. Ta karɓi wajen da aka ajiye ta ta nemi rabonta daga nan ɗin. Duk macen da ta taɓa raba tuwo a gidan yawa tasan ba'a taɓa cewa yara sun kwana da yunwa dan kare ya lashi abun da ya zuba ƙasa. Abun da take cewa shine alherinka yana da yawan da ɓurɓushinsa ma ya ishi 'yata, ba sai an rage wa kowa ba. Ni a nan nake ganin girman bangaskiyarta, ta ɗauki Yesu da girma fiye da yadda waɗanda ke cin abinci dashi kullum suka ɗauke shi. Kuma bayan 'yan ayoyi kaɗan a wannan surar ya ciyar da maza 4,000 banda mata da yara da gurasa 7 da 'yan kifaye, aka kwashe ragowa kwando 7.

Mutum biyu ne kacal a duk bisharar Matiyu Yesu ya yaba wa girman bangaskiyarsu, jarumin sojan Roma na sura 8 da wannan matar. Dukansu ba Yahudawa bane, dukansu ba kansu suke roƙa wa ba, ɗaya bawansa ɗaya 'yarta, kuma dukansu daga nesa aka warkar musu. Bitrus da ya taka ruwa a sura 14 kuwa mai ƙarancin bangaskiya aka ce masa. Markus yace ta koma gida ta tarar da yarinyar kwance kan gado aljanin ya fita, wato duk tsawon hanyar nan ta taka ne da kalma ɗaya a hannunta ba tare da ta ga komai ba.

Abun da ya ƙara ƙona min rai shine ni ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi wa baƙuwa haka. Mu Maguzawa ne asalinmu daga kudancin Kano. Kakana kuturta ce ta kama shi yana saurayi, aka ware masa ƙwarya da tabarma, ƙarshe da ƙafa ya tako har asibitin kutare na Yadakunya wanda mutane ke ce wa Bela, lokacin 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ke kula da aikin kutare a lardin Kano, tun wajen 1937 suka karɓe shi. Can ya sha magani, can ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, can yaji bishara. Da yatsunsa guntaye yake buɗe mana 2 Sarakuna sura 5 yana karanta labarin Na'aman mutumin Suriya, in ya zo inda Na'aman yayi zuciya yace ai kogunan Dimashƙu sun fi Urdun, sai ya girgiza kai yace saura ƙiris girman kai ya mayar dashi gida da cutarsa, Allah ya taimake shi da barori masu hankali ya nutsa sau 7. Da ace ranar da kakana ya isa bakin ƙofar nan an tambaye shi kati, da ni ban san inda nake ba yau.

Unguwar da muke zaune ma ai sunanta ya faɗi komai. Sabon Gari tun wajen 1913 Turawa suka yanka ta dan baƙi, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu da 'yan kasuwa daga kudu, a waje da ganuwa. Mu Hausawa Kirista kuma baƙuncinmu kashi biyu ne, in na hau adaidaita aka ji Hausata tsantsa sannan aka ji sunana sai a ce to ke 'yar ina ce, in na shiga wani taron coci da mayafina sai a fara min Turanci a hankali kamar wadda ta ɓata hanya. Nasan ɗacin tsayuwa a bakin ƙofa sarai. Amma da aka bani kujera da biro sai na manta. Asibitin ido na cocin ECWA da ke garin nan tun 1943 yake aiki, ka je da safe ka ga layi, Fulani da Buzaye da Barebari da mutanen birni, ba wanda ake tambaya wace majami'a yake zuwa kafin a duba masa ido. Gadon da aka bar mana kenan, ni kuma na mayar da kaina mai gadi.

In koma kan ranar. Ina tsaye ban bata amsa ba sai wata tsohuwa da duk muke kira Kaka, wadda ta haura 80 kuma kunnenta ma ba sosai yake ji ba, ta dogaro sandarta ta fito tace me ake yi da baƙuwa a rana? Ta kama hannun yarinyar, hannun mai tabon, tace taho jikata, ke ma 'yata shigo, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Muka sa su tsakiya, aka ajiye tulu da caki da muke kiɗa dasu, muka yi addu'a. Matar bata rufe ido ba, tafin hannunta ta buɗe sama yadda ta saba, ta ringa cewa amin amin tun kafin mai addu'a ta kai ƙarshen magana.

Ba zan ce muku yarinyar ta warke nan take ba dan ba haka aka yi ba. Kafin su kai bakin get ma ciwon ya tashi, ta faɗi tana karkarwa kumfa na fita, kuma mata da yawa da suka gama cewa amin yanzun nan suka ja da baya da gudu, sabida an taso damu akan cewa in miyan mai farfaɗiya ya taɓa ka ka ɗauka. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ce ta durƙusa ta sa ɗankwalinta ƙarƙashin kan yarinyar, ta hana a danne ta, ta hana wata da ta kawo cokali zata tura mata a baki, da karkarwar ta lafa ta juya ta ta gefe. Tace mana farfaɗiya ba'a ɗaukarta ko ta miyau ko ta taɓawa, matsala ce ta ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum 7 cikin 10 masu ita zasu iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai suna sha kullum ba fashi. Dan Allah duk mai irin wannan yaron a gida ya riƙe wannan, a nisanta shi da wuta da rijiya, a kai shi asibiti, addu'a da ƙwaya ba kishiyoyi bane. Yarinyar da ke cikin Matiyu aljani ne littafi ya faɗa, amma ba duk yaron da ya faɗi bane aljani.

Asusu dai ba'a taɓa shi ba, dan kwamiti bai zauna ba. Kaka ce ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yan canji da suka nannaɗe ta zuba a faranti, kowa ta bi, mai ɗari biyu mai ɗari biyar, abun da ya rage mana na mota da cefane. Shi ya yanki kati a asibiti ya sayi maganin wata na farko. Washegari ni na raka su, mun fita tun asuba muka bi layi har azahar, a kan bencin nan ne nace mata 'yar'uwa ki yafe min, tace Mama me kika yi min, ai aikinki kike yi. Wannan amsar ta fi min ciwo akan da ace ta zage ni.

Na kai maganar gaban kwamiti cewa a ware wani abu ko yaya ne daga asusu dan wanda ba namu ba. Har yau ba'a gama ba. Wasu suna cewa in aka buɗe wannan ƙofar rabin Kano zasu zo, mu kanmu akwai 'yan zumunta da ke jiran kuɗin aiki a asibiti, kuma ban ce basu da hujja ba, na fi kowa sanin abun da ke cikin asusun da yadda magani ya yi tsada yanzu. Amma na gaya musu in dai zan cigaba da riƙe littafin nan ba zan ƙara sallamar kowa daga bakin ƙofa ba tare da ta shigo ta zauna ta sha ruwa anji damuwarta anyi mata addu'a ba, in hakan ya saɓa doka su karɓi littafinsu.

Wata biyar kenan yanzu. Sau biyu yarinyar ta faɗi, ɗaya kuma lokacin da magani ya ƙare kwana huɗu uwar taji nauyin faɗa mana. Matar bata zama 'yar zumunta ba, ban kuma tambaye ta ko zata zama ba. Takan leƙo wata Talatar in ta samu sarari daga wanke-wanke, ta gaida Kaka ta zauna daga baya. Wannan Talatar da ta wuce ta zo da kwalin maganin babu komai ciki da 'yar takardar asibiti a ƙulle cikin leda, tace Mama duba min ranar komawa dan bana karatun boko. Na duba, Alhamis ce ta sama. Yarinyar kuma tana can gaba ta ɗauki caki tana kaɗawa ba bisa kiɗa ba, ba wadda ta karɓe.